Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Gombe: A Auna Ruwanmu Kafin Injuna Su Tashi

Mai Girma Gwamna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aikinka. Allah Ya ƙara wa jiharmu zaman lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.

Ni tsohon malamin gona ne. Na kama aiki tun muna cikin tsohuwar Jihar Bauchi, ina bakin aiki aka yanke mana Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996, na ci gaba har na ajiye. Da kuɗin sallamata na sayi injin casar shinkafa na kafa a gefen gari, kuma da shi nake riƙe gidana yau. Na fara da faɗin wannan ne don kada wani ya karanta takardar nan ya ce ga wani ɗan boko can mai ƙyamar ci gaba. Ni ma ɗan ƙaramin mai masana'anta ne. Akwai yaran da ke cin abinci a ƙarƙashina, kuma na san daɗin da ke cikin jin inji ya tashi da safe, kamar yadda na san ɓacin ran ranar da babu wuta, man dizal kuma ya fi ƙarfin aljihu.

Saboda haka ba sai an yi mini wa'azi kan amfanin masana'antu ba. Duk wanda ya tsaya a Tudun Hatsi ya ga yadda ake loda wake da riɗi da masara a manyan motoci ana fita da su ɗanye, ya san cewa muna sayar da guminmu da araha ne mu sayo shi da tsada bayan wasu sun sarrafa. Unguwar BCGA tana nan da sunanta, amma yaran yanzu da yawa ba su san sunan kamfanin gurzar auduga ba ne, don audugar da ta ɗaga Gombe ta ja baya tun kafin a haife su. Kowace shekara Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere suna yaye ɗalibai, mu kuma muna ganinsu a kan Keke Napep ko a majalisar bakin titi. Da aka ce an ware hekta 1,000 a Dadin Kowa don rukunin masana'antu, kusa da madatsar da ke iya ba da megawat 40 na lantarki, wallahi na yi murna, kuma har yau ina yi. Wanda ya zaɓi wurin ya yi tunani: ga wuta, ga ruwa, ga hanyar Biu.

To ruwan nan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa ruwan famfon da garin Gombe ke sha daga Dadin Kowa ake turo shi. Kogin Gongola ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya biyo ta Nafada da yankin Ashaka, ya taru a Dadin Kowa, sannan ya gangara Kiri ya faɗa Binuwai a Numan. Masu noman rani na shinkafa da tumatir da albasa da shi suke ban-ruwa, masunta a cikinsa suke, shanun Fulani a bakinsa suke sha. Yanzu kuma a gefensa za mu jera masana'antu. Kowace masana'anta kuwa tana da baki tana da bayan gida. Ranar buɗewa bakin ake nuna wa manyan baƙi, a yanke ƙyalle a tafa. Tambayar da ban ji an amsa mana dalla-dalla ba ita ce: ina dagwalon zai bi? Wa zai tace shi, da wane inji, wa zai biya kuɗin wutar injin, wa kuma zai leƙa da tsakar dare ya tabbatar ba a kashe shi an buɗe bututu zuwa rafi ba? Kano ta riga mu shiga wannan makaranta. Duk wanda ya san abin da kamfanonin jima da na rini na Sharaɗa da Challawa da Bompai suka yi wa kogin Challawa da rafin Jakara, ya san cewa gyara ruwan da ya riga ya ɓaci aiki ne na shekaru da kuɗin da ba a cika samu ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Bari in tona wa kaina asiri, don ta nan na fahimci lamarin fiye da duk wani taron bita da na taɓa zama.

Lokacin da na kafa injina, wurin daji ne, sai gonaki. Ɓuntun shinkafa kan taru ya yi tsauni a bayan shagon, mu kuma abin da muka iya shi ne mu cinna masa wuta da yamma. Wanda ya san ɓuntu ya san ba ya ci da harshe, cin ciki yake yi, ya kwana uku yana hayaƙi. Cikin 'yan shekaru gari ya iso mu, gidaje suka kewaye mu. Wata rana mai unguwa ya aiko a kira ni. Na tarar da wata dattijuwa zaune a kan tabarma a zaurensa, ga jikanta a gefe yana numfashi kamar ana jan zarto. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Malam, ba mu ce ka tashi ba, mun san abincinka ne. Amma yaron nan in ka kunna wutarka ba ya barci, mu ma ba ma yi." Ka san abin da na ce? Na ce ai ni na riga su zuwa wurin. Har yau in na tuna wannan amsa sai kunya ta kama ni. Sai da aka ƙara kusan shekara biyu ana kai ruwa rana kafin na daina ƙonawa, shi ma don na gano masu kiwon kaji za su kwashe ɓuntun su shimfiɗa a ɗakunan kajinsu, har su ba ni ɗan wani abu. A duk tsawon lokacin nan masu karɓar haraji ba su taɓa ɓata hanyar shagona ba, amma ko sau ɗaya wani bai zo ya tambaye ni ina nake kai sharata ba.

Ni ba mugu ba ne, ranka ya daɗe. Sahu ɗaya muke sallah da mutanen nan, ina zuwa sunansu da jana'izarsu. Abin da ya faru kawai shi ne hayaƙin ba ya cikin littafin lissafina. Dizal yana ciki, albashi yana ciki, bel ɗin inji yana ciki, amma kuɗin maganin yaron nan kakarsa ce ke biya. To idan ni da nake haɗa ido da su kullum na yi shekara biyu ina taurin kai, me ake tsammani daga kamfanin da masu shi ke Legas ko wata ƙasa, waɗanda ba su taɓa jin sunan ƙauyen ba sai a takarda? Ba za su saka hayaƙi a lissafi ba sai hukuma ta saka musu shi. In ba haka ba kuwa, kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Abu na biyu da na gani da idona ya faru ne a wani ƙauye da na taɓa yi wa aikin malamin gona, inda daga baya wani kamfanin fasa dutse ya sauka. Ba zan kama suna ba, don ba ƙara na kawo ba. Na koma ziyara bayan wasu shekaru, wani tsohon manomina ya kama hannuna ya zaga da ni. Ya nuna mini bangon ɗakinsa da ya tsage tun daga sama har ƙasa, ya ce duk ranar da aka tashi nakiya sai kwanukan matarsa sun zubo daga kan jere. Ya kai ni gonar da ke bakin hanyar tifofi, na shafa ganyen dawa, yatsana ya fito fari fat kamar na taɓa garin rogo. Ganyen da ƙura ta rufe ba ya shan rana yadda ya kamata, wannan ko ɗalibin aji ɗaya a makarantar koyon aikin gona ya sani. Sannan ya ja guga a rijiyarsu ya miƙo mini. Na kurɓa, na ji wani ɗanɗano da ban san ruwan garin da shi ba. Na ce kun kai kuka? Ya ce sun kai. Aka ce da su ruwan yankin dama can haka yake, su kawo shaidar cewa da ba haka yake ba.

Nan maganar ta mutu. Ina talaka zai samo shaidar ɗanɗanon ruwan shekara goma da suka wuce? Harshensa ne kaɗai shaidarsa, harshe kuma ba ya shiga fayil. Mai yiwuwa ma kamfanin gaskiya ya faɗa, wa ya sani? Ba a auna ba kafin su zo, don haka babu mai iya kama wani, babu kuma mai iya wanke kansa. Tun ranar na riƙe wannan a raina: duk rigimar da za a yi nan gaba tsakanin kamfani da jama'a, an riga an yanke hukuncinta tun ranar da katafila ta fara shiga ba tare da an ɗebi ruwa a kwalba an rubuta abin da ke cikinsa ba.

Shi ya sa babbar buƙatata guda ɗaya ce, kuma ba mai tsada ba ce. Kafin injuna su tashi a Dadin Kowa gadan-gadan, kafin a koma aikin haƙar mai na Kolmani da ƙarfi, kafin a ba kowane sabon mai haƙar ma'adini fili, gwamnatin jiha ta sa a bi rijiyoyi da burtsatse da rafuka da tafkunan da ke kewaye a auna su, rani da damina. A ɗebi ƙasar gonaki. A duba littattafan ƙananan asibitocin yankin a rubuta yawan masu zuwa da tari da ciwon ƙirji da cutar fata a yanzu. Muna da malaman kimiyya a jami'o'inmu biyu, muna da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai su kammala karatu. Sakamakon kuma kada a kulle shi a durowar wani darakta, inda gara ko canjin gwamnati za su cinye shi. A ajiye kwafi a ma'aikata, kwafi a jami'a, kwafi a hannun hakimi da dagaci, a kuma liƙa a intanet inda kowa zai gani. Kuɗin wannan aiki gaba ɗaya ba zai kai na kilomita guda na kwalta ba.

Na ambaci Kolmani, bari in ɗan tsaya a kai. A watan Oktoba 2019 kamfanin mai na ƙasa ya ba da sanarwar samun mai a can, a kan iyakar Alkaleri ta Bauchi da Akko tamu. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa ya ƙaddamar da aikin. An yi maganar ɗanyen mai sama da ganga biliyan 1, da jarin dala biliyan 3, da matatar da za ta tace ganga 120,000 a rana, da tashar lantarki mai megawat 300, da kamfanin takin zamani mai fitar da tan 2,500 kullum. A matsayina na wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana roƙon manoma su sa taki alhali takin ya gagare su saya, wannan na ƙarshen ya fi komai faranta mini rai. Tun bayan bikin aikin bai yi saurin da aka sa rai ba, mutane suna ta guna-guni, kuma suna da gaskiya. Amma ni ina ganin jinkirin nan wata dama ce Allah Ya ba mu, irin wadda mutanen Neja Delta ba su samu ba.

An samu mai a Oloibiri da ke Neja Delta a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Babu wanda ya auna musu komai. Sai a 2011, bayan fiye da shekara hamsin, Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni. A wani gari an tarar mutane na shan ruwan rijiyar da sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi sau 900. Rahoton ya ce gyaran zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, kuma a fara da dala biliyan 1. Wancan fa yanki ne da ruwa ya yi wa yawa. Mu nan fa? Duk wanda ya taɓa sa a haƙa burtsatse a wasu sassan Akko ko Kwami ko Dukku ya san irin zurfin da ake yi kafin a ga danshi, ya san yadda mata da yara ke sammako da jarkoki, da yadda tafki guda ke ɗaukar gari da dabbobinsa har ƙarshen rani. Mutumin Delta in rafi ɗaya ya ɓaci wataƙila ya tura kwalekwale gaba. Mutumin Pindiga in tafkinsa ya ɓaci, sai dai ya ɗaure kaya.

Na ji yadda ake ta ja-in-ja tsakaninmu da 'yan'uwanmu na Bauchi kan ko rijiyoyin a ƙasar wa suke, kowa na hangen kashi 13 cikin ɗari da tsarin mulki ya tanadar wa jihohi masu arzikin ƙasa. Ba laifi ba ne kowa ya nemi haƙƙinsa. Sai dai malalar mai ba ta san dutsen iyaka ba, hayaƙin gas ɗin da ake ƙonawa kuma ba ya tsayawa a shingen bincike. Jiya-jiya jiha ɗaya muke, auratayya ce tsakanin ƙauyukan nan, kasuwa ɗaya suke ci. Ga Yankari a cikin Alkalerin nan dai, da giwayenta da ruwan Wikki, abin da babu kuɗin da zai sake ƙera shi. Me zai hana kai da takwaranka na Bauchi ku kafa ayari guda na masu awo, ku bar maganar rabon kuɗi ga masu shata iyaka? A kan wannan kam babu abin da ɗayanku zai rasa.

Na san amsar da wasu mashawarta za su ba ka: mai da ma'adinai hurumin Gwamnatin Tarayya ne, jiha ba ta da ta cewa. Rabin gaskiya ce. Lasisi daga Abuja yake fitowa, amma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 a hannun Gwamna ta damƙa amanar ƙasar jiha, kuma sa hannunka ne ke kan takardar mallakar fili. Lafiyar jama'a da ruwan shansu aikinka ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha, ta kuma wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara. Dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfani ya riƙa zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa na shekara a asusun al'ummar da ke masaukinsa. Tun 1992 kuma akwai dokar da ta ce babban aiki ba ya farawa sai an yi nazarin illarsa ga muhalli, an baje rahoton jama'a su gani su yi magana. Dokoki kam ba mu rasa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake bajewar. Rahoto ne mai kaurin bulo, da Turancin da ni kaina sai na sa tabarau na nemi ƙamus, a ajiye shi a wani ofishi na kwana 21 na aiki, a buga sanarwa a jaridar da ba ta zuwa ƙauyen. Kwanakin su cika, a rubuta cewa babu wanda ya yi ƙorafi. To wa zai yi ƙorafi a kan abin da bai ji ba? An yi ba a yi ba ke nan. Jiha na iya cewa ba za ta sa hannu a kan fili ba sai an taƙaita rahoton da Hausa da Fulatanci, da Tangale ko Tera ko Waja ko Bolanci gwargwadon yankin, an karanta a rediyo, an kuma karanta a bainar jama'a ranar kasuwa. A yi zaman da mata a ciki, don su ne ke ɗebo ruwan, su ne ke tsintar ƙwaran kaɗanya da kalwa, su ne kuma ba a taɓa tambaya. Makiyayi ma a kira shi. Shi ba shi da gonar da za a auna a biya, amma in aka datse burtali ko aka ɓata mashaya, rigimar da za ta biyo baya a kan teburinka za ta sauka.

Maganar diyya ma tana buƙatar a sake duba ta. Doka ta fi karkata ga biyan abin da ke kan ƙasa, wato amfanin gona da gini da itatuwa. Na taɓa tsayawa a wurin irin wannan ƙidaya. Ma'aikaci na riƙe da takarda yana kira, ɗorawa kaza, tsamiya kaza, kuka kaza, kowace da farashinta. Ɗorawar da ta shekara hamsin tana ba gida daddawa da garin ɗorawa da inuwa da makamashi, aka yi mata kuɗin da ba zai sayi buhun masara biyu ba. Mai gonar ya karɓa ya yi godiya, don bai taɓa riƙe kuɗi dunƙule haka ba. Ya yi wa ɗansa aure, ya sayi babur. Bayan damina biyu na gan shi a tasha yana dako. Kuɗi na ƙarewa, gona kuwa ba ta ƙarewa, shi ya sa nake ganin wanda aka karɓi gonarsa don masana'anta ya cancanci ko dai wata gonar, ko wani kaso da zai riƙa shigo masa duk shekara muddin injin na juyawa.

Sai ramuka. Wanda ya bi ta Jos da Bukuru da Barikin Ladi ya ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari tun zamanin Turawa. Kamfanonin sun tafi, ramukan na nan suna cin mutane da dabbobi. Mu ma muna da namu masu tasowa: dutsen siminti a Funakaye, kwal a Maiganga, ga masu fasa dutse da masu ɗibar yashi ko'ina. Kamfanin simintin Ashaka ya fara aiki a 1979, ya ɗauki dubban mutane aiki tsawon shekarun nan, ya raya Bajoga, ba mai musun wannan. Amma dubi sau nawa ya sauya hannu: daga Blue Circle ta Ingila zuwa Lafarge ta Faransa, Lafarge ta haɗe da Holcim a 2015, a ƙarshen 2024 kuma aka ba da sanarwar sayar da hannun jarin ga kamfanin Huaxin na ƙasar Sin. Ba aibu ba ne, haka kasuwa take. Abin lura shi ne mai kamfani na canzawa, rami kuwa ba ya tashi daga inda yake. Koke-koken mutanen Maiganga kan ruwa da ƙura da matsuguni sun sha fitowa a jaridu, kuma da an yi awon farko an ajiye a inda kowa zai gani, da yanzu takarda ce za ta raba gardama. Don haka duk mai haƙa, babba ko ƙarami, ya riƙa ajiye kuɗin cike raminsa tun yana cin riba, a asusun da shi kaɗai ba zai iya taɓawa ba, ita ma gwamnati ba za ta iya ranta don biyan albashi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙananan masu haƙa kuwa, kada a raina su. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wani katafaren kamfani ne ya jawo shi ba. Magidanta ne ke kawo dutsen zinariya gida ana daka shi a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Za a ce maka in ka tsaurara, masu zuba jari za su gudu wata jihar. Wasu za su gudu, gaskiya ne. Amma dutsen siminti ba ya ƙaura, kwal ba ya ƙaura, man Kolmani ba ya ƙaura, dam ɗin Dadin Kowa ma haka. Mai son su dole ya zo inda suke. Kuma babban ɗan kasuwa na ƙwarai, wanda ke ranto kuɗi daga manyan bankunan duniya, dama can ana tambayarsa waɗannan takardu kafin a ba shi ko sisi. Abin da ke korar irinsa shi ne rashin tabbas: yau a ce ga ƙa'ida, gobe wani ya zo da wata, jibi matasa su tare hanya saboda alkawarin baki da wani ya yi musu bai cika ba. Ƙa'ida bayyananniya wadda ke kan kowa kariya ce gare shi. Wanda zai gudu don an ce ya tace dagwalonsa, dama ribarsa a cikin rashin tacewar take, kuma mu ne za mu biya cikon a asibiti.

Mun ma riga mun san farashin gyara bayan ɓarna. Kwazazzaban da suka ci gidaje a cikin garin Gombe ba dare ɗaya suka yi ba, daga ɗan zaizaye suka fara, muna gani muna tsallakewa, muna sare itatuwan kan tudu muna gini a hanyar ruwa. Yau sai da aka haɗa da kuɗin Bankin Duniya ake ɗaure bakinsu da kankare, aikin biliyoyin naira. Na yaba da wannan aiki, na kuma yaba da shirin dashen itatuwa na 3G da ka ƙaddamar a 2019 da burin dasa miliyan guda duk shekara. Ni kaina na karɓi dashe na sa a bakin shagona, biyu sun rayu, akuya ta gama da sauran. Sai dai tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, gas da kananzir suka fi ƙarfin mutane, buhunan gawayi sun ƙaru a bakin hanyoyinmu, gidajen burodi kuma da manyan gungume suke gashi. Muna dasa ɗan tsiro da hannun dama, ana kayar da uwar itace ta hagu. A nan ma masana'anta na iya zama magani: ɓuntun da na yi shekaru ina ƙonawa a banza, da ɓawon gyaɗa da karan masara, ana matse su da inji su zama makamashin girki. Ga sana'a ga ceton daji. In za a ba wasu rangwamen haraji a Dadin Kowa, irin waɗannan ya kamata su shiga sahun gaba.

Hukumar kare muhalli ta jiha, yawancinmu da kwashe shara da tsaftar ƙarshen wata muka san ta, kuma aiki ne mai kyau. Amma jihar da ke shirin karɓar matatar mai da kamfanin taki tana buƙatar hukumar da ke da ɗakin gwaji nata, da ma'aikatan da suka san abin da suke nema a cikin kwalbar ruwa, da motar zuwa ba tare da kamfanin da za a bincika ne ya aiko da mota da kuɗin mai ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A rukunin masana'antun Dadin Kowa kuma a gina matatar dagwalo guda ta kowa da kowa tun yanzu da filin ke da sarari, a sa kuɗinta cikin hayar fili, a riƙa auna abin da ke fita daga bakinta duk wata ana faɗa a rediyo kamar yadda ake faɗin farashin hatsi.

Ranka ya daɗe, wa'adin mulki gajere ne, na sani, kuma awon ruwa ba abin da ake yanke wa ƙyalle ba ne. Babu mai sa maka waƙa don ka ajiye kwalabe da takardu. Amfaninsa sai nan da shekara goma sha biyar ko ashirin zai bayyana, ranar da wani dattijo zai ja guga ya ce ruwan nan ya canza, a ce masa kawo shaida, shi kuma ya aika jikansa gidan dagaci ya ɗauko.

In an tashi aikin, ina roƙon a fara da ni. Akwai rijiya a bayan injina, kusa da inda muke zubar da ruwan turara shinkafa, maƙwabta na ɗiba a ciki, kuma ni kaina ban taɓa sa an auna ta ba. Duk abin da aka gani a rubuta, in tara ce in biya. Ina kuma da tsohon babur da bai gaji ba tukuna, na san hanyoyin ƙauyukan Akko da Yamaltu-Deba tun ba a yi musu kwalta ba, na san gidajen jauro-jauro da yawa. In yaran jami'a na buƙatar mai nuna musu rijiyoyi, a aiko a faɗa mini ranar.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin gona,
Gombe.